Burtalin Sama: Wa Ke da Sararin da Ke Bisa Gonakin Bici?

A kakar bara, bayan an yanke gero an bar dawa tana jiran ranarta, na je gida Bici domin a kashe wata tsohuwar gardamar iyaka tsakanin gandunmu da gonar maƙwabcinmu. Ɗan ƙanina, wanda ya sayi ƙaramin jirgi mara matuƙi yana ɗaukar hoton bukukuwa da shi, ya ce mu daina wahalar da kanmu da igiya da ƙidayar taku, shi zai tashi jirgin mu ga layin gamba daga sama kamar tafin hannu. Ya kuwa tashe shi. Abin ya yi ƙugi irin na zuma, ya miƙe sama har ya koma kamar ƙuda.

Maƙwabcin namu, dattijo ne da ya haura saba'in, ya ɗaga kai ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yaro, wa ka tambaya kafin ka shiga saman gonata?"

Muka yi dariya. Yaron ya ce, "Baba, ai sama ba ta da mai ita." Ya juyo gare ni yana alfahari: "Baffa, wannan ɗan abin da kake gani, idan na sake shi sai ya hau mita 500."

Bai rufe baki ba sai ga wani babban jirgi can sama ya ratso, ya sassauta murya, ya nufi Kano. Dattijon bai ƙara cewa komai ba. Ni kuwa tambayarsa ta bi ni har birni, ta sa na shiga tambaye-tambaye da karance-karance. Abin da na tarar shi ne, amsar da yaron ya bayar kuskure ce, kuma irin kuskuren da kan ci rayuka.

Ƙasar da ba ta da fili mara mai shi

Wanda ya tashi a karkarar arewacin Kano ya san cewa a nan babu daji. Daga Dawanau har ka wuce Bici ka nufi Tsanyawa, gona ce manne da gona, kowace ɗorawa da kowane gawo da mai shi. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin yadda wannan yanki ya ɗauki ɗimbin jama'a ba tare da ƙasar ta mutu ba, duk da cewa ba a hutar da gona. Taki na cikin sirrin, amma akwai wani abu da ya riga taki, wato ƙa'ida. Mutanen da suka cunkushe a ƙasa ɗaya dole su san inda ƙafar kowa za ta tsaya.

Babbar shaidar wannan ƙa'ida ita ce burtali. Makiyayi yana da haƙƙin wucewa, manomi yana da haƙƙin amfaninsa, sai aka yanke siririyar hanya tsakanin gonaki, aka shinge ta da aguwa ko bini-da-zugu, aka ce shanu su bi nan. Muddin burtali na nan da faɗinsa, ana zaman lafiya. Ranar da manomi ya ci gefensa, ko makiyayi ya ƙetare shinge, sai a kwana a gaban dagaci.

Haka sama take a yau. An yanka ta, an shinge ta, an fitar mata da burtali. Shingen nata a taswira yake da cikin rediyo, shi ya sa mu na ƙasa ba ma ganinsa.

Kano a taswirar sama

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Su ne jiragen farko da suka taɓa sauka a Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila daga Khartum zuwa Kano. A wancan zamani matuƙi da idonsa yake tafiya, yana bin kogi da layin dogo, kuma da wuya ya gamu da ɗan'uwansa a hanya.

Wannan tarihi ya bar gado. Har gobe, a taswirar da matuƙan duniya ke amfani da ita, dukkan sararin samaniyar Nijeriya sunan Kano yake ɗauke da shi. Hukumar NAMA, wadda aka kafa a 1999, ita ke kula da shi daga manyan cibiyoyi biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Legas. Daga arewa kuma ya yi iyaka da sararin Yamai, wanda hukumar ASECNA ke gudanarwa. Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano yana karɓar jiragen fasinja da na kaya, rundunar sojan sama tana horar da matuƙa a nan, lokacin aikin Hajji kuma manyan jirage kan yi jerin gwano zuwa ƙasa mai tsarki.

Ina da wani aboki da ya koyi tuƙin ƙaramin jirgi a Zariya, inda kwalejin koyon aikin jiragen sama take tun 1964. Ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce ta kai shi. Na ce masa, "Mutumina, wata rana ka ɗauke ni mu yi shawagi bisa Bici in ga gidanmu." Ya yi murmushi, ya jawo takarda ya zana itace.

Ya ce in ɗauka filin jirgi gindin ɗorawa ne. Kututturen shi ne yankin da ke kewaye da filin, wanda ya taso tun daga doron ƙasa, babu mai shigarsa sai da izinin hasumiya. Rassan kuwa su ne faffaɗan yankin da ke sama, wanda ya bazu nesa da filin, inda manyan jirage ke gangarowa da hauhawa. Ƙaramin jirgi na iya sakewa a ƙarƙashin rassan, nesa da kututture, amma da ya ɗaga kai ya shiga ganye, ya shiga gonar wani.

Bici na da nisan kilomita 40 ko ƙasa da haka kaɗan daga filin jirgin Kano. Babban jirgi kan gangaro a hankali, yana sauke kimanin mita 50 a kowace kilomita. Ke nan jirgin da ya ratsa ta kanmu a hanyarsa ta sauka yana iya kasancewa wajen mita 2,000 a sama, wani lokaci ƙasa da haka idan an umarce shi, kuma 'yan mintoci ne suka rage masa ya taɓa ƙasa. Mu mutanen Bici a inuwar rassan muke zaune, ba mu sani ba.

Dokar ido da dokar na'ura

Tuƙin jirgi iri biyu ne. Akwai tuƙi da dokar na'ura, wanda manyan jirage ke bi: matuƙi ya dogara ga allunan gabansa da umarnin jami'in da ke ƙasa, ko da bai ga komai ta taga ba. Akwai kuma tuƙi da dokar ido, wanda akasarin matuƙa masu zaman kansu ke bi. Ginshiƙinsa kalmomi biyu ne, ka gani, ka kauce. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ce mai tuƙi da ido a ƙananan matakai yana bukatar ya iya hangen kilomita 5, ya kuma nisanci gajimare.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A kasuwa haka ne. A sama lissafin ya sha bamban. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga lokacin da matuƙi ya hango wani abu, ya gane jirgi ne, ya fahimci cewa karo za su yi, ya yanke shawara, har jirginsa ya amsa ya karkace, ana bukatar daƙiƙa 12 da rabi. Yanzu mu ɗauki babban jirgi mai gudun kilomita 460 a awa da ƙarami mai gudun 200, suna fuskantar juna. Tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 180 da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Idan gari garau yake, suka hango juna daga kilomita 5, suna da daƙiƙa 27. Idan hunturu ya turo ƙurar hamadar Cadi, hazo ya rage gani zuwa kilomita 1, abin da ya rage musu bai kai daƙiƙa 6 ba. Kafin ƙwaƙwalwa ta gama tantance abin da ido ya gani, aikin gama ya gama.

Akwai kuma wata yaudara. Jirgin da zai wuce ka ta gefe kana ganinsa yana motsi a taga. Wanda zai yi karo da kai tsaye yake cak a wuri ɗaya, ɗigo ne kawai da ke girma a hankali, sai a daƙiƙun ƙarshe ya cika gilashi. Idon ɗan Adam kuwa motsi yake saurin kamawa. Wato jirgin da ya fi hatsari shi ne ya fi wuyar gani.

Dokokin da aka rubuta bayan jana'iza

Kusan duk wani sauyi da aka yi wa ƙananan matuƙa a kusa da manyan filaye, wani hatsari ne ya haife shi. Ranar 30 ga Yuni 1956 jiragen fasinja biyu suka yi karo a saman Grand Canyon a Amurka, mutum 128 suka rasu, abin da ya kai ga kafa sabuwar hukumar jiragen sama ta ƙasar a 1958. Ranar 25 ga Satumba 1978, a birnin San Diyego, jirgin Boeing 727 ya afka wa ƙaramin Cessna, mutum 144 suka mutu, har da mutanen unguwar da tarkacen ya faɗa wa. Matuƙan babban jirgin sun ga ƙaramin da farko, daga baya ya ɓace musu a ƙarƙashinsu.

Wanda ya fi sauya al'amura shi ne na 31 ga Agusta 1986 a Cerritos, kusa da Los Anjalas. Wani mutum da iyalinsa a cikin ƙaramin Piper ya shiga cikin rassan ba da izini ba, kuma jirginsa ba shi da na'urar da ke shaida wa rada tsayin da yake. Ya yi karo da jirgin Aeroméxico, mutum 82 suka halaka, 15 daga cikinsu a ƙasa suke. Bayan haka aka wajabta wa duk jirgin da zai kusanci manyan filayen Amurka da kimanin kilomita 55 ya ɗauki na'urar amsa-kira mai faɗin tsayi, aka kuma wajabta wa jiragen fasinja na'urar gargaɗin karo. Daga 1 ga Janairu 2020 aka ƙara da cewa jirgi ya riƙa shelanta matsayinsa da kansa ta amfani da tauraron ɗan Adam. Ko a 29 ga Janairu 2025, da jirgin fasinja da jirgin soja mai saukar ungulu suka yi karo da dare a saman kogin Potomac a Washintan, mutum 67 suka rasu, matakin da ya biyo baya shi ne rufe hanyar da masu saukar ungulu ke bi ta gaban titin jirgin.

Alƙiblar sauyin ɗaya ce a tsawon shekaru saba'in: ana rage dogaro da ido, ana ƙara dogaro da na'ura da izini. Nijeriya ma ta bi sahu. A 2010 aka ƙaddamar da shirin rada na ƙasa baki ɗaya, Kano na cikin manyan tashoshinsa. Rada iri biyu ce. Ɗaya tana jefa sigina ta ji ya dawo daga jikin jirgi, ta san akwai abu a can. Ɗayar tana tambaya ne, na'urar amsa-kira ta ba ta lamba da tsayi. Jirgin da ba shi da wannan na'ura, ko ya kashe ta, kamar baƙo ne da ya shigo zaure ya ƙi yin sallama. Na'urar gargaɗin karo ta babban jirgi ma ba ta ganinsa, domin ita ma da amsar take aiki.

Abokina ya lissafa min abin da zai yi kafin ya kai ni saman Bici. Zai duba rahoton yanayi na hukumar NiMet. Zai cike takardar shirin tafiya. Kafin ya kusanci yankin Kano zai kira ta rediyo ya faɗi ko shi wane ne, inda yake, tsayinsa da abin da yake so. Za a ba shi lamba mai alƙaluma huɗu ya saka a na'urarsa, a faɗa masa tsayin da zai tsaya, shi kuma ya maimaita umarnin kalma bayan kalma don a tabbata ya ji daidai. Idan rediyonsa ya mutu, zai saka 7600. Idan yana cikin hatsari, 7700. Idan babban jirgi ya wuce gabansa, zai ba shi tazara, domin guguwar da ke fita daga bakin fikafikansa na iya kifar da ƙaramin jirgi. Idan kuma an ce ya jira, zai yi ta zagaye yana ƙona mai har a ba shi hannu.

Kukan ƙaramin matuƙi

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren. Kowace sabuwar doka kuɗi ce: na'ura da dala ake sayenta, jira mai yake ci, zagaye hanya lokaci ne. Babban kamfani yana raba wannan nauyi a kan dubban fasinjoji, mai ƙaramin jirgi kuwa daga aljihunsa. Sannan idan aka faɗaɗa rassan aka sauke su ƙasa, ƙananan jirage sukan cunkushe a ɗan siririn sararin da ya rage, kusa da ƙasa, inda kuskure ba ya ba da damar gyara. Mu da muka ga yadda burtali ya ƙanƙance a karkararmu mun san ƙarshen wannan labari: shanun ba su ɓace ba, gona suka faɗa.

Ƙaramin jirgi kuma ba wasan masu kuɗi kaɗai ba ne. Da shi ake feshin jan-baki idan tsuntsayen suka auka wa gero da shinkafa a jihohin arewa. Da shi ake auna ƙasa, da shi ake ɗauko mara lafiya daga inda mota ba ta zuwa. Duk kyaftin ɗin da ke kai alhazai Jidda a cikin irinsa ya fara koyo. Ƙasar da ta toshe wa ƙananan jirage hanya, ta toshe rijiyar da take ɗebo matuƙanta.

Amma mutanen Kano ba sa bukatar a ba su labarin abin da ke faruwa idan jirgi ya faɗo. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin EAS ya rikito a Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa, ya hallaka fasinjoji da mutanen da ke zaune a gidajensu. Ba karo ba ne, amma ya koya mana cewa wanda bai taɓa sayen tikiti ba shi ma yana da ruwa da tsaki a dokar sama.

Sabon matuƙi mai zaman kansa

A Bici ban san wanda ke da Cessna ba. Matuƙinmu mai zaman kansa shi ne irin ɗan ƙanina, saurayi da waya a hannu da ɗan jirgi a jaka. Irinsa suna ƙaruwa, wasu na ɗaukar biki da hawan salla, wasu na duba gonaki, kuma sana'a ce ta halal da nake so ta bunƙasa. Sai dai jirginsa ba ya magana da hasumiya, ba ya amsa kiran rada, kuma ya yi ƙanƙantar da matuƙi ba zai hango shi a kan kari ba.

Ƙasashe da yawa sun tsayar da mita 120 a matsayin iyakar tsayin irin waɗannan jirage. Da na binciki dalilin, sai na ga hikimar manomi a ciki. Ƙa'idar duniya ta hana mai tuƙi da ido sauka ƙasa da mita 150 a wajen gari, sai wajen tashi da sauka ko da izini na musamman. Tsakanin 120 da 150 akwai mita 30 da aka bari babu kowa, kamar layin gamba tsakanin gona da gona. Da yaron ya hau mita 500 kamar yadda ya yi alfahari, da ya tsallake wannan layi ya shiga tsakiyar hanyar ƙananan jirage da masu saukar ungulu. A Disamba 2018 rahoton ganin irin waɗannan jirage ya rufe filin Gatwick na Landan fiye da kwana guda, tafiyar mutum kusan 140,000 ta lalace. A Nijeriya, tun 2016 hukumar NCAA ta sanar da cewa ba a tashin jirgi mara matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Ɗan ƙanina bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba shi kaɗai ba ne. A nan ne nake da magana. Burtali ya yi aiki ne saboda kowa na ganin shingensa, yaro ma ya san inda ya fara da inda ya ƙare. Dokar sama tana bukatar irin wannan bayyana: a faɗe ta da Hausa a rediyo, a buga taswira mai sauƙi da ke nuna inda aka hana da inda aka yarda, a sa hanyar rajista ta zama wadda saurayin ƙauye zai iya bi da wayarsa. Dokar da bin ta ya fi ƙarfin talaka ba ta hana shi tashi, ɓoyewa take koya masa, kuma jirgin da ke ɓuya shi ne dukkan waɗannan shekaru na gyara suke ƙoƙarin kawarwa. Haka nan idan za a sake zana rassan Kano ko na wani fili, a zauna da ƙananan matuƙa, a bar musu burtali mai faɗi.

Da na koma gida da azumi, na zaunar da yaron na zana masa ɗorawar da aka zana min. Ya saurara, ya yi shiru, sannan ya buɗe wayarsa ya nuna min wurin da ake ƙayyade tsayi, ya mayar da shi 120. Ya ce, "Baffa, da ma hoton ya fi kyau daga ƙasa-ƙasa." Na ce masa saura neman izini, ya ce zai tambayi yadda ake yi.

Da yamma muka bi ta ƙofar maƙwabcinmu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ashe kai ne da gaskiya. Saman nan tana da masu ita." Ya gyara zama a kan buzunsa, ya ce shi bai san wannan ba, shi dai abin da ya sani, duk inda mutum zai shiga ya yi sallama. Daga nan ya tambaye ni ko hoton ya nuna inda gambar take, domin damina ta kusa, kuma har yanzu ba mu kashe maganar iyaka ba.